Gargaɗi ga 'Yan'uwa Bisa Haƙƙin Gafakar Magabata

Da sunan Allah nike farawa, Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya tsare addininshi cikin ƙirazan malamai da cikin takardunsu, ya sanya tawadarsu ta zama fitila ga wanda ya zo baya. Tsira da amincin Allah su tabbata bisa shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayenshi, da sahabbanshi, da wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka. Ya ku 'yan'uwana cikin Allah, mazauna Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke tsakaninsu, waɗanda muke haɗa gwiwa da su ga da'irar wazifa, wagga takarda ce daga ɗan'uwanku mai yawan zunubi, mai ƙarancin sani. Ban rubuta ta don na isa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani al'amari ne da ya auku cikin gidanmu, na ɓoye shi shekaru don kunya, har na ga irinshi shina aukuwa ga gidajen wasunku. Sai na ji tsoron Allah shi tambaye ni ga shirun da na yi.

Ku sani, Allah shi yi maku rahama, kakana malami ne na ƙauye, yamma kaɗan da hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta sauka Dutsin-Ma. Da damina manomi ne kamar kowa. In an kai amfani gida sai shi shimfiɗa buzunshi a zaure, almajirai su kewaye shi tun bayan asuba har hantsi. Shina da gafaka bakwai, suna rataye ga maratayi cikin soronshi, babu mai taɓa su sai da alwala. Wasu littattafan shi ya kwafe su da hannunshi zamanin da shike yawon karatu a birnin Katsina da Zariya, wasu kuwa ya gaje su ga malaminshi. Da ya rasu sunka koma ga mahaifina, shi kuwa ya riƙe su da girmamawa, ko da shike bai kai uban nashi karatu ba. Da mahaifina ya rasu, ni ina Ikko wajen neman kuɗi, ban iso ba sai bayan an yi sadakar arba'in an raba gado.

To, ku ji yadda anka raba. Gona an auna ta, dabbobi an yi masu kuɗi. Da anka zo ga littattafai sai kowane magaji ya ce shina son albarkar kakanmu, babu wanda ya yarda a bar ma wani. Kun san littafin dā ba ɗinke shike ba, warƙoƙi ne sake cikin tadarishi. Sai anka kwance gafakokin nan duka, anka ƙirga warƙa warƙa, anka ba namiji rabon mata biyu. Risala guda ta tafi gida huɗu. Babin tsarki da salla ya bi wata ƙanwata ɗakin mijinta, babin ciniki ya faɗa hannun wani wana, babin farilla, wanda ake raba gado da shi, ya tafi ga wanda bai san baƙi ba. Wallahi sun yi haka da kyakkyawan nufi, suna zaton adalci ne. Alhali kuwa hukuncin abin shina rubuce cikin Risalar da suke yagawa, can wajen babin hukunce-hukunce: abin da ke rabuwa ba tare da ɓarna ba shi ake rabawa, wanda kuwa rabonshi ke ɓata shi, in wani magaji ya nemi a sayar sai a tilasta ma wanda ya ƙi, a raba kuɗin. Da akwai mutum guda cikinsu wanda ya sauke Risala gaban malami, da an yi ma littattafan nan ƙima an bar su wuri ɗaya. Ni da ya kamata in zama wanga mutum ina bakin teku ina ƙirga sulalla.

Ƙarshen rabon nan na bi sawunshi daga baya. Na ƙanwata ya zauna ƙasan akwati, ɗaki ya yi yoyo wata damina, tawada ta narke, warƙoƙin sunka manne sunka zama curi. Wana ya kai nashi ga baduku anka ɗinke layu da shi, ana rataya ma yara babin ciniki da jingina ga wuya. Wani ya ajiye nashi cikin rumbu, gara ta gama da shi cikin shekara guda. Mafi yawa kuwa shina hannun wani baffanmu a wani ƙauye wajen dajin Rugu, har ɓarayin daji sunka tada su da dare cikin shekarar 2019, sunka gudo Dutsin-Ma da tufafin jikinsu. Da anka koma dubawa an tarad da ɗakin a ƙone. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Rabona da anka ajiye mani warƙa sittin da 'yan kai ne. Cikinsu akwai arba'in da uku na littafi guda, rubutu mai kyau, baitoci da jar tawada, sharhi da baƙa, babu farko babu ƙarshe. Na gane baitocin Ishiriniya ne, don kowa ya tashi ƙasarmu ya ji ana rera ta watan Mauludi. Sharhin kuwa ban san na wane ne ba, ban kuma iya karanta shi ba. Shekara goma sha ɗaya shina rataye ɗakina, ina sumbatarshi ina shafa ma fuska, ina wuridina safe da yamma ba na fashi, ina ganin kaina mutumin kirki. Sai wata rana na ɗauke shi na kai ma wani dattijon malami a birnin Katsina. Ya sa tabarau ya duba warƙa biyu, ya ɗaga kai ya ce mani, ɗana, ka san abin da ka riƙe? Na ce a'a, Allah shi gafarta malam. Ya ce wanga Nafhatul Ambariyya ce ta Wali Ɗan Masani, ina sauran? Na ba shi labari. Bai yi mani faɗa ba. Hawaye na ga suna bin gemunshi, ya mayar da warƙoƙin cikin tadarishi ya miƙo mani da hannu biyu. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Fasali. Ya kai muridi, ka san ƙasar da kake zaune cikinta. Kana jin sunan Ɗan Masani da Ɗan Marina da Ɗan Takum ga bakin masu ziyara, kana zaton waliyyai ne na karama kaɗai. Waɗanga mutane ne na alƙalami. Shehu Muhammadu ɗan Masani an haife shi a Katsina shekara ta 1003 ta hijira, wato 1595, asalin gidansu daga Barno, ya rasu 1078, wato 1667, unguwarsu Masanawa tana nan har yau. Ishiriniya kuwa Alfazazi ya tsara ta, mutumin Andalus, wanda ya rasu 1230, waƙa ga kowane harafi, baiti ashirin ashirin, yabon Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi. Ta ƙetare hamada ta iso mamu da luggarta mai wuya, sai wani Bakatsine ya zauna ya warware ta kalma kalma don 'ya'yan ƙasarshi su san abin da suke rerawa. Ya kuma yi sharhin Ishmawi, wanda yara ke farawa da shi. Ka duba, mutumin da ya kai wanga matsayi bai raina ƙaramin littafin tsarki da salla ba.

Ɗan Marina, wanda Larabawa ke kira Ibnus Sabbagi, zamani guda sunka yi da shi, shi ma mawallafi ne mai waƙe da Larabci. Ɗan Takum ya riga su da shekaru sama da ɗari: ya sadu da Shehu Magili, ya yi karatu a Masar da Hijaz, ya zauna Katsina shina alƙalanci har ya rasu wajen 1529. Shehu Magili da kanshi ya sauka Katsina da Kano ƙarshen ƙarni na tara na hijira. Imam Suyuɗi kuwa, wanda ya cika tafsirin Jalalaini da ake karanta maku kowane azumi, ya rubuto wasiƙar nasiha daga Masar zuwa ga Sarkin Katsina Ibrahimu. Akwai kuma Shehu Muhammadu Alkashinawi Bafillace, wanda ya tafi hajji ya zauna Alƙahira shina karantarwa shina wallafa, har ajali ya same shi can shekara ta 1154, wato 1741, cikin gidan Shehu Hasan Aljabarti. Ɗan mai gidan, wanda ya rubuta tarihin Masar, ya ambaci cewa Bakatsinen nan ya sanya mahaifinshi wasiyyi bisa abin da ya bari da littattafanshi. Ka lura da wanga, ya ɗan'uwa. Baƙo ne a ƙasar da ba tashi ba, mutuwa tana gabanshi, bai manta da wanda zai riƙe littattafanshi ba. Mu kuwa muna wasiyya da gona da shanu, gafaka ba ta zo mamu ga rai ba.

Idan ka ce, ni muridi ne, abin da nike nema tsarkin zuciya da kusanci ga Allah, shehuna ya ba ni wuridi, mene ne nawa da tsofaffin takardu? Sai in ce maka, wuridin nan ta wace hanya ya iso gare ka? Shehu Ahmadu Tijjani, Allah shi yarda da shi, ya rasu a Fas 1815. Sharuɗɗan ɗariƙa da ladubbanta, Sidi Aliyu Harazimi ne ya tattara su cikin Jawahirul Ma'ani, Shehu Umarul Futi ya ƙara bayani cikin Rimahu. 'Yan'uwanmu Ƙadirawa kuwa suna da Gunya ta Shehu Abdulƙadir, wanda ya rasu a Bagadaza 1166, rabinta fiƙihu ne da aƙida da ladabi. Babu wani shehu cikin shehunan hanya da ya ce ma almajirinshi shi bar sanin farillan alwala shi riƙe tasbaha. Na sha ganin mai kuka cikin zikirin Juma'a, in ya yi rafkanuwa cikin salla bai san ƙabli da ba'adi ba. Ba izgili nike mashi ba, ni ne shi shekara goma sha ɗaya. Amma gini bisa rairayin gulbi ba shi kai damina biyu. Hikam ta Ibnu Aɗa'illahi da Ihya'u ta Imam Gazali an rubuta su ne ga wanda ya riga ya gyara sallarshi, wanda ya tsallake Ahalari ya faɗa cikinsu zai ɗauko kalmomi manya shi riƙa jifan mutane da su a majalisa, zuciyarshi kuwa tana nan inda take.

Idan kuma ka ce, to, na yarda da fiƙihu da tauhidi, amma cikin gafakokin nan akwai waƙoƙin jahiliyya, zancen raƙuma da kufai da mata, da Maƙama mai labarin wani mayaudari da ke cutar mutane da daɗin baki, ina amfanin wanga ga mai neman Allah? Wagga tambaya ni ma na yi ta, don cikin rabona akwai warƙa tara na Shu'ara'u, na daɗe ina mamakin me kakana mai tsentseni ya yi da su. Amsa ita ce, Alƙur'ani da harshen mutanen nan ya sauka. Kalmar da malamin tafsiri ke fassara maka, a bakin Imru'ul Ƙaisi da Nabiga da Zuhairu da Alƙama da Ɗarafa da Antara magabata sunka tabbatar da ma'anarta. Hariri, wanda ya rasu 1122, ya tsara maƙama hamsin ya cusa masu lugga baƙuwa da karin magana da wasan nahawu, har wanda ya sauke ta gaban malami ba a cika samun kalmar da za ta tsaida shi ba. Kuma ba ni na faɗa ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Gwandu, ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi inda ya lissafa malamanshi da abin da ya karanta ga kowane. Cikin abin da ya ce ya ɗauka ga wanshi Shehu Usmanu akwai Ishiriniya da Witiriyya da waƙoƙin mawaƙan nan shida. Shehu Mujaddadi da kanshi ya zauna ya karantar da ƙanenshi waƙen jahiliyya. Ɗalibin nan kuwa shi ne ya zo ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili. Wane ne ni, wane ne kai, da za mu ce mun fi su tsoron Allah?

Sai dai akwai ladabi. Waɗanga ana shigarsu bayan an yi nisa, kuma a gaban malami mai tsoron Allah, wanda zai ɗauko maka kalma shi bar maka shashanci. Yaro mai jini a jika ba a fara mashi da su.

Fasali cikin littattafan tarihi. Waɗanga su munka fi wulaƙantawa, don muna cewa babu lada ga karanta su. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gama Infaƙul Maisuri 1812, a ciki ya ambaci ƙasashen Hausa da Barno da malamansu, har da Ɗan Masani da Ɗan Marina. Ba don irin wanga littafi ba, da yawa cikin malaman ƙasarmu da ko sunansu bai iso mamu ba. Malam Abdullahi ya yi Tazyinul Waraƙati 1813, ya tara waƙoƙinshi da labarin yaƙoƙin jihadi, har da baƙin cikin da ya kama shi sa'ad da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya Kano. Muridi in ya karanta wanga wuri zai san cewa fitinar mulki da dukiya ba ta bar zamanin Shehu ba balle namu, zai rage mamakin abin da shike gani ga wasu masu rawani, shi koma shi tsare zuciyarshi.

Akwai wani abu cikin Infaƙu wanda tun da anka karanta mani shi bai bar raina ba. Shehu Laminu na Barno ya rubuto ma jama'ar Shehu wasiƙu shina tuhumarsu, cikin tuhumar har da cewa mayaƙansu suna wulaƙanta littattafai suna watsar da su. Bello bai ɓoye tuhumar ba, ya sanya ta cikin littafinshi, ya kuma ba da labarin wani gari da anka ci, inda ya ga takardu warwatse iska tana kwasarsu, ya duƙa shina tsintarsu da kanshi har ya gaji, ranshi a ɓace, ya tara mutane ya tsawata masu. Masana tarihi suna danganta wanga da 'Yandoto, garin malamai da ke kusa da Tsafe, wanda a wancan zamani cikin ƙasar Katsina shike. Ku dubi wanga, ya 'yan'uwa. Ranar nasara ce, shugaban runduna ne, takardun kuwa na mutanen da sunka yi jayayya da shi ne, ya duƙa cikin ƙura don akwai sunan Allah cikinsu. Mu babu yaƙi, babu iska, da hannunmu munka watsa namu.

Har baƙi sun san darajar abin. Bature Barth, wanda ake ce ma Abdulkarimu, ya ratsa Katsina, ya isa Gwandu 1853, can ya samu Tarihus Sudan, littafin tarihin Songai da Tambutu, ya zauna shina kwafar abin da ya iya. Mutanen Tambutu kuwa, da fitina ta auka masu 2012, gidajen malamai sunka zuba littattafansu cikin akwatunan ƙarfe, anka bi da su ta mota da jirgin ruwa a ɓoye har Bamako. Masu fitinar sun sa wuta ga wani sashi a cibiyar Ahmadu Baba cikin Janairun 2013, amma mafi yawa sun tsira, don masu su sun ɗauke su abin da ake gudu da shi tare da 'ya'ya.

Fasali cikin abin da nike roƙonku. Na farko shi ne karatu, don littafin da ba a karantawa ya riga ya mutu tun gara ba ta same shi ba. Kowane ɗan'uwa, ko shekarunshi sittin, shi nemi malami shi durƙusa. Hanyar da magabata sunka shimfiɗa tana nan: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, sa'an nan Risala ta Ibnu Abi Zaidin mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu 996, sa'an nan Askari, wanda Allah ya ba dama shi shiga Muhtasar. Gefe guda shina jan Ajuruma don harshe shi miƙe. Kana jan baƙi, malam shina fassarawa, kana cewa na'am, layi biyu ko uku a rana, ba ka wucewa sai ka mayar da na jiya. Na san yanzu littattafan nan duka suna cikin waya, ana sauke ɗari cikin sa'a guda. Ni'ima ce, ban hana ba. Amma waya ba ta ganin fuskarka ta gane ba ka fahimta ba, ba ta kuma ce maka na karɓa daga wane, shi daga wane. Yadda ba ka ɗaukar wuridi daga takarda sai da izinin muƙaddami, haka karatu shike son silsila. Ni na fara Ahalari ina da furfura, ina zaune sahu guda da sa'o'in 'ya'yana, yaran suna dariya in na yi tuntuɓe. Kunyar ba ta kai mako biyu ba.

'Ya'yanku da ke jami'ar tarayya da anka buɗe nan Dutsin-Ma 2011, da na kwalejin Isa Kaita, kada ku ce sun yi nisa da wanga. Ku jawo su. Sun iya tsara abu da lissafa shi, wasunsu Larabci suke karantawa. A nuna masu rubutun kakanninsu su san ba daga jeji sunka fito ba.

Sa'an nan takardar kanta. Wanda ke da gafaka gida shi sauko da ita cikin rani, ranar da babu iska, shi buɗe a inuwa bisa tabarma mai tsabta, da busasshen hannu. Kada a shanya ta ga rana, takarda tana ƙonewa ta riƙa karyewa. In warƙoƙi sun hargitse, ku dubi ƙasan shafi wajen hagu, za ku ga kalma guda ita kaɗai, ita ce kalmar da warƙa ta gaba ke farawa da ita, magabata sun sanya ta don irin wagga rana. Da ita ake mayar da littafi bisa tsarinshi. Kada a liƙa salatif ga wurin da ya yage, kada a kai a manne ta cikin roba da zafi, kada a ɗaure ta cikin leda, gumi shina taruwa ciki. A naɗe da farin ƙyalle, a sa busasshen ganyen bedi kusa, a rataye nesa da ƙasa da bango mai jiƙa. Abin da anka rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe, wani da Larabci wani da ajami, kada a raina shi, shi ne muryar malamin da ya karantar da littafin. Shafin ƙarshe kuwa a tsare shi fiye da kowane, nan magabata ke rubuta sunan mai kwafi da wanda anka kwafa dominshi. In kun ɗaga warƙa ga haske kun ga alamar jinjirin wata uku cikin jikinta, ku sani takarda ce da anka yi a ƙasar Italiya, ta biyo ayarin raƙuma ta hamada. Ku tuna abin da kakanninku sunka biya kafin su same ta, da dararen da sunka yi gaban fitilar man gyaɗa suna cika ta.

A nan waya tana da amfani babba. A ɗauki hoton kowace warƙa, ciki da baya, bisa jeri, a ba mutum biyu ko uku su ajiye, ɗaya shi kasance a wani gari. Wanda ke ƙauyen da ba a kwana da ido biyu, shi kawo gafakarshi cikin gari ga amintacce tun yau, a rubuta shaida. Wanda ya ga babu mai karatu cikin zuriyarshi, shi yi wakafi da littattafan tun shina da rai, gaban shaidu, ga zawiya ko makaranta, don wakafi ba a gadonshi ba a sayar da shi. Akwai kuma wuraren da ke adana irin waɗanga takardu, kamar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da Gidan Arewa a Kaduna, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. In kuwa mai su ya rasu bai yi wasiyya ba, to, ku muƙaddamai da limamai da ake kira wurin rabon gado, amana tana wuyanku. Ku hana a kwance tadarishi. A kira wanda ya san littafi shi yi masu ƙima, magaji mai karatu shi ɗauka a cire daga rabonshi, ko 'yan'uwa su haɗa kuɗi su fanshe su a ajiye a zawiya. Masu yawo gida gida suna sayen tsofaffin takardu da 'yan kuɗi kaɗan, ba ku san inda suke kai su ba, kada ku sallama masu.

Na ƙarshe roƙo ne na kaina. Nafhar nan da ke hannuna ta fara daga tsakiyar harafin dal ta tsaya cikin harafin ra. Na gama karanta abin da ke gare ni gaban dattijon nan na Katsina kafin Allah shi karɓi ranshi, Allah shi haskaka kabarinshi. Na tambayi dangi duka, na samu warƙa shida wurin wata gwaggona a Kurfi, cikin kwando ƙarƙashin gado, sauran babu labari. Amma an ce mani wani baffanmu ya taɓa ba da wasu aro ga almajiran da sunka yi karatu zauren kakana, waɗansu mutanen Birchi, waɗansu na wajen Safana. To, wanda ya ga warƙoƙi cikin kayan mahaifinshi, tsawonsu kamar taƙi guda, layi goma sha tara ga shafi, baiti da jar tawada sharhi da baƙa, da ɗan ƙonewar fitila ga kusurwar sama ta dama, don Allah don Annabi shi kawo mani in gani, ana samuna a zawiya bayan wazifa. Ba zan karɓe mashi ba in ba shi so. In ɗauki hotonsu, in jera su da nawa ko na yini guda ne, a karanta su a jere kamar yadda mai su ya rubuta.

Allah shi gafarta mani, da mahaifana, da malamaina, da wanda ya karanta wagga takarda ko anka karanta mashi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayenshi da sahabbanshi. Tammat.